GIDAN WAYA A CIKIN ƊAKI

Kowa ya tsaya a Ƙofar Nassarawa da hantsi, ya dubi motocin da ke ta zirga-zirga bisa gadar sama da ƙarƙashinta, da wuya ya tuna cewa wannan ƙofa ta daɗe tana ganin wucewar wasiƙu. A zamanin Turawa ta nan masinjoji suke fita da takardun fada zuwa ofishin Razdan a Nassarawa, ta nan kuma suke komowa da amsa. Talaka ma in yana da saƙo zuwa ga ɗan'uwansa a Ikko ko Kumasi, sai ya fito bayan ganuwa ya nufi gidan waya, ya sami mai rubuta wasiƙa ya faɗa masa abin da ke ransa, ya sayi kan sarki ya liƙa, ya jefa cikin akwati. Daga nan ya san takardarsa ta shiga hannun hukuma, in ta ɓata kuwa ya san ƙofar da zai je ya yi kuka.

Yau wasiƙu sun fi na dā yawa ninkin ba ninkin, amma ba mai ganin wucewarsu. Wasiƙar zamani, wadda ake kira imel, ta cikin waya da iska take bi. Galibin mutanenmu kuwa akwatunansu suna hannun manyan kamfanonin Amurka ne, irin su Gmail da Yahoo da Outlook, waɗanda ke ba da akwati kyauta. Sabo da haka muka fara jin wata magana a bakin samarinmu masu ilmin kwamfuta, suna cewa don me asirinmu zai kwana a ɗakin baƙo? Me zai hana mutum ya kafa nasa gidan waya a cikin ɗakinsa, ya zama shi ne mai akwati, shi ne masinja, shi ne mai gadi? Wannan tambaya ba ta wasa ba ce, don haka muka ga ya kamata mu dube ta da idon basira, mu faɗi ra'ayinmu.

Da farko bari mu bayyana abin da ake nufi, domin masu karatunmu da ba su saba da wannan sha'ani ba. Kowace wasiƙar imel sai ta sauka a wata kwamfuta da ba ta barci, wadda ma'abota aikin ke kira saba. Aikinta daidai yake da na gidan waya. Ita ke karɓar wasiƙar da aka aiko, ta ajiye ta har mai ita ya zo ya buɗe, ita ce kuma ke ɗaukar wadda ya rubuta ta miƙa wa takwararta a wani gari. An fara aika irin wannan saƙo tsakanin kwamfuta da kwamfuta a shekarar 1971, sa'ad da wani injiniya Ba'amurke, Ray Tomlinson, ya zaɓi alamar nan ta @ domin ta raba sunan mutum da sunan gidan da akwatinsa yake. A 1982 aka rubuta ƙa'idar miƙa wasiƙu da ake kira SMTP, wadda har yau a kanta ake tafiya. Ƙa'idar nan ba mallakar kowa ba ce. Kowa ya sami kwamfuta da layin intanet da sunan adireshi, yana da iko ya kafa tasa saba. Manhajojin da ake yin aikin da su ma, irin su Postfix da Dovecot, kyauta ake samunsu.

To, mu a ganinmu hujjojin samarin nan suna da ƙarfi, ba kuwa za mu ɓoye wannan ba. Masu iya magana sun ce zanen aro ba ya rufe katara. Akwatin da aka ba ka kyauta ba naka ba ne, zaman haya kake yi ba da yarjejeniyar da ka isa ka sauya ba. Mai gida yana iya rufe ɗakin ran da ya ga dama. Ga misali, daga watan Disamba na 2023 kamfanin Google ya soma aiki da ƙa'idar share akwatin da aka shekara biyu ba a taɓa shi ba. Girman kamfani kuma bai hana ɓarawo shiga. An yi wa Yahoo kutse a 2013, sai a 2017 kamfanin ya yarda cewa ɓarnar ta shafi dukan akwatunan da yake da su a lokacin, wajen biliyan 3. Bugu da ƙari, dokar ƙasar mai gida ita ke hukunta kayan da ke gidansa. A 2018 Amurka ta yi doka wadda ta ba hukumominta ikon neman bayanai daga kamfanoninta ko da a wata ƙasa suka ajiye su. Sashe na 37 na Tsarin Mulkin Nijeriya na 1999 ya tsare wa ɗan ƙasa sirrin gidansa da wasiƙunsa da maganarsa ta waya, amma hannun wannan sashe bai kai ga rumbun da ke ƙetaren teku ba.

Har wa yau akwai abin takaici a cikin hanyar da wasiƙar take bi. Mutum yana zaune a Ƙofar Nassarawa ya rubuta wa abokin cinikinsa a Kantin Kwari, tafiyar da ba ta fi ta 'yan mintoci ba, amma sai takardar ta ƙetare teku ta sauka a rumbun baƙi kafin ta komo. Ran 14 ga Maris 2024 manyan wayoyi huɗu na ƙarƙashin teku suka tsinke a gaɓar Afirka ta Yamma, sai ga bankuna da ofisoshi a Nijeriya suna ta fama, maƙwabci ya kasa isar da saƙo ga maƙwabcinsa. Wanda ya ga wannan ya ce gara ya ajiye kayansa kusa da shi, ba za mu ce ya yi wauta ba.

Amma fa gano ciwo dabam, gano magani dabam. Bari mu ɗauka wani saurayi mai himma a cikin lungunan Ƙofar Nassarawa ya sayi 'yar kwamfutarsa ya girka a ɗaki, ya ce daga yau shi ne gidan wayar kansa. Ga abubuwan da zai tarar.

Na fari, wutar lantarki. Gidan waya na dā yakan rufe da yamma ya buɗe da safe, ba abin da ya ɓaci. Saba kuwa ba ta da Juma'a ba ta da Lahadi. In aka kawo wasiƙa aka tarar ta mutu, mai kawowa yakan koma ya sake gwadawa, amma bisa al'ada bayan kwana huɗu ko biyar sai ya haƙura ya mayar wa mai ita. Jama'ar Kano ba su manta da watan Oktoba na 2024 ba, sa'ad da manyan layukan da ke kawo wuta Arewa suka lalace, aka fi mako guda cikin duhu. Duk wanda sabarsa ta dogara ga wutar gari a wannan lokaci, lalle wasiƙunsa sun koma inda suka fito. Kafin saurayinmu ya tsira daga wannan sai ya tanadi faifan hasken rana da batura da inbata, ko janareto da mansa. Sa'an nan ga zafin bazara da ke wuce digiri 40, ga ƙurar hunturu da ba ta bar ko agogo ba balle kwamfuta. Kuɗin da zai kashe a kan waɗannan ya ninka abin da zai biya a ajiye masa akwati a wurin ƙwararru.

Na biyu, adireshi. Gidan waya ba ya yawo, tilas ya zauna wuri guda inda kowa zai same shi. A duniyar intanet wannan wuri shi ne lambar da ake kira IP. Galibin masu intanet a gidajenmu ta layin wayar hannu suke samunsa, kamfanonin waya kuwa sukan haɗa mutane masu yawa bisa lamba guda, lambar kuma tana sauyawa. Watau kamar mutum ne ya buɗe gidan waya a cikin motar haya. Kafin ya sami tsayayyar lamba tasa shi kaɗai sai ya yi jinga ta musamman ya biya ƙari. Kamfanoni da yawa a duniya ma sukan toshe ƙofar da wasiƙu ke fita, wadda ake kira ƙofa ta 25, ga layukan gida, domin gudun ɓata-gari.

Na uku, shi ne mafi wuya, watau yarda. A zamanin sarakunanmu na dā ba a karɓar takarda a fada sai an dubi hatimin da ke kanta, an kuma san manzon da ya kawo ta. Haka abin yake yau. Sabo da yawan tarkacen wasiƙun talla da na damfara, manyan gidajen imel sun ɗora wa kowace saba sharuɗɗa. Akwai SPF, wanda ke shaida cewa wannan manzo mai gida ne ya aiko shi. Akwai DKIM, shi ne hatimin da ake bugawa a kan takarda don a san ba a sauya ta a hanya ba. Akwai DMARC, mai faɗin abin da za a yi da takardar da hatiminta bai inganta ba. Daga Fabrairu 2024 Google da Yahoo sun ƙara tsananta waɗannan sharuɗɗa. Ko mutum ya cika su duka, in lambarsa ta layin gida ce, sau da yawa tana cikin jerin lambobin da ƙungiyoyi irin su Spamhaus suka ce kada a karɓi wasiƙa kai tsaye daga gare su. Nan kuma tilas mu faɗi gaskiya ko da ɗaci. 'Yan damfarar da duniya ta sani da lambar 419 sun shafa wa sunan ƙasarmu kashin kaji, har mai gaskiya ma sai ya yi ta rantsuwa kafin a saurare shi. Abin da ya fi muni shi ne ba a gaya maka an ƙi takardarka, sai dai a jefa ta cikin kwandon shara. Ɗalibi ya aika neman gurbin karatu, ɗan kasuwa ya aika farashin fata ko riɗi, suna nan suna jiran amsa, ashe ba wanda ya gani.

Na huɗu, gadi. Ganuwar Kano da aka soma ginawa tun zamanin Sarki Gijimasu ba tsawonta kaɗai ya tsare birni ba. Kowace ƙofa tana da Sarkin Ƙofa, wanda ke rufe ta in dare ya yi, ya kuma san mai shiga da mai fita. Saba ƙofa ce da ba a rufewa, ɓarayin da ke ƙwanƙwasa ta kuwa injuna ne da ba su gajiya, suna gwada kalmomin sirri dare da rana. Kullum ana gano sabuwar ɓaraka a manhaja, kullum sai an yi yaɓe. A watan Maris na 2021 aka bayyana wata ɓaraka a manhajar Microsoft Exchange, kafin a toshe ta masu kutse sun shiga sabobin dubun dubatan ma'aikatu da kamfanoni masu ajiye imel ɗinsu da kansu. Waɗannan fa suna da ma'aikata da ake biya albashi don gadi. Ina ga mutum guda, wanda zai yi barci, zai yi tafiya, zai yi rashin lafiya? Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. In kuwa ɓarawo ya shiga, ba wasiƙun mai gida kaɗai zai kwashe ba, har da na dukan waɗanda suka rubuto masa bisa amana. Sa'an nan ya mai da sabar dokinsa na aika damfara, laifi ya faɗo kan mai ɗaki.

Duk da haka ba mu ce kada kowa ya gwada ba. Saurayin da ya kafa saba a ɗakinsa domin koyo ya yi abin yabo, gama ba a iya sana'a sai an taɓa ta da hannu, ƙasar nan kuwa tana bukatar masu wannan ilmi ƙwarai. A nan Ƙofar Nassarawa ga Gidan Ado Bayero, inda jami'ar jiha da aka kafa a 2012 da sunan Northwest ta soma karatu, ga Jami'ar Bayero, ga ta Wudil. Muna so a ce kowane ɗalibin kwamfuta a waɗannan makarantu bai fita ba sai ya kafa saba da hannunsa, ya ga yadda take mutuwa da yadda ake tashe ta. Abin da muke gargaɗi a kai shi ne kada mutum ya ɗora abincinsa da amanar mutane bisa abin gwaji. Wanda ya ƙi akwatin baƙo ya koma ga sabar da ba ta da mai gadi, ya yi gudun gara ne ya faɗa gidan zago.

Wannan game da wasiƙun mutum na kansa ke nan, shi da dukiyarsa. Amma akwai wasu wasiƙu da ba mu yarda ko kusa a ajiye su a gidan kowa ba, su ne wasiƙun hukuma. Tarihinmu ya isa ishara. Sa'ad da Turawa suka ci Sakkwato a watan Maris na 1903, sun sami tarin wasiƙun Larabci a gidan Waziri Buhari, waɗanda sarakuna suka riƙa aikowa game da al'amuran daula. Wani Bature, H. F. Backwell, ya tsara fassararsu aka buga a Ikko a 1927. Ba laifin Waziri ba ne, domin a wancan zamani gidan Waziri shi ne ofishinsa. Amma darasin a fili yake, kowa ya mallaki gida ya mallaki takardun da ke cikinsa.

A zamaninmu ma an ga irin wannan a ƙasar da ta fi kowa ƙwarewa a sha'anin. Hillary Clinton ta riƙe muƙamin Sakatariyar Harkokin Wajen Amurka daga 2009 zuwa 2013, a tsawon wannan lokaci kuwa wasiƙunta na aiki suna bi ta wata saba da aka girka a gidanta a jihar New York. A watan Maris na 2015 labari ya fito fili. Ta miƙa wa ma'aikatar wasiƙu wajen 30,000, aka share wasu kimanin haka bisa cewa na harkokinta ne na kanta. A Yuli 2016 hukumar bincike ta FBI ta ce ta sami wasiƙu 110 masu ɗauke da asirin gwamnati, ta zargi masu abin da sakaci mai yawa, ko da yake ba ta ba da shawarar a kai kowa gaban shari'a ba. Maganar ta bi ta har zaɓen shugaban ƙasa na Nuwamba 2016, wanda ta faɗi. Abin lura a nan ba siyasar Amurka ba ce. Abin lura shi ne, da zarar takardun jama'a sun koma gidan mutum, shi ke zaɓen wadda za a gani da wadda za a share, ko da zuciyarsa fara ce kuwa ba mai iya shaidarsa.

In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Mu a nan ba mu cika ganin ma'aikaci ya girka saba a gida ba, amma muna da ciwon da ya yi kama da wannan. Sau nawa ake ganin takardar ofis mai tambarin gwamnati a sama, a ƙasa kuwa adireshin Gmail ko Yahoo na wani akawu? Wannan ma ajiye takardun jama'a ne a aljihu. In aka yi wa ma'aikacin canjin wurin aiki, ko ya yi ritaya, ko ya riga mu gidan gaskiya, shi ke nan fayil ya tafi da shi. Magajinsa ya zo ya tarar da teburi wayam. Dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 ta ba ɗan ƙasa ikon neman takardun hukuma, to, yaya za a ba shi abin da ke kulle cikin akwatin wani? Takardun En'e na shekaru aru-aru suna nan a gidan adana tarihi na Kaduna ana karantawa. Muna tsoron kada jikokinmu su nemi na zamaninmu su rasa.

Gwamnati ba ta yi barci a kan wannan ba, ya kamata a yaba mata. Tun 2005 aka kafa ƙungiyar NiRA mai kula da sunayen adireshi masu ƙarewa da .ng. A 2006 aka kafa kamfanin Galaxy Backbone domin ya riƙe wa ma'aikatun tarayya hanyoyin sadarwa da rumbunan bayanai, a farkon 2023 kuma aka buɗe babban rumbunsa a nan Kano. A 2022 Majalisar Zartarwa ta Tarayya ta amince da ƙa'idar da ta wajabta wa ma'aikatu yin aikin hukuma da adireshin gwamnati. A 2023 aka sa hannu a dokar kare bayanan jama'a. Watau gida ya ginu, saura a tare.

Sabo da haka muna kira ga Gwamnatin Jiha da ƙananan hukumomi da masarautu da makarantu da asibitoci, su ba kowane ofishi adireshin hukuma, wanda zai zama na kujera, ba na mai zama a kanta ba. A hana karɓar takardar aiki daga akwatin kyauta, kamar yadda ba a karɓar takardar da ba hatimi. Amma a tuna, ma'aikaci ba ya guje wa akwatin gwamnati don ƙeta kawai, sau da yawa don ya same shi a mace ne. In ana so a bi doka, sai a sa akwatin ya riƙa aiki dare da rana, a kuma ajiye wanda za a kira in ya tsaya.

Ga 'yan kasuwa da malamai da sauran jama'a kuwa, shawararmu ita ce su bi hanyar tsakiya. Mutum ya yi rajistar sunan adireshinsa na kansa mai ƙarewa da .ng, kuɗinsa na shekara bai taka kara ya karya ba. Sa'an nan ya ba amintaccen kamfani ajiyar akwatin, in da hali wanda rumbunsa ke cikin ƙasar nan. Da yake sunan nasa ne, ran da mai ajiya ya saɓa alkawari sai ya ɗauke kayansa ya kai wa wani, adireshinsa bai sauya ba. Ya kuma riƙa sauke kwafin muhimman wasiƙunsa ya adana a gida. Da haka ya sami 'yancin da samarinmu ke nema, ba tare da ya zama mai gadin dare ba.

Samarin kuma muna ce musu, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Maimakon saba hamsin a ɗakuna hamsin, kowace tana jiran a kawo wuta, me zai hana ku haɗa kai ku kafa guda mai ƙarfi a rumbun da ke da wuta da sanyi da tsaro, ku riƙa karɓa-karɓar gadi, ku sayar wa 'yan Kwari da Kurmi da Sabon Gari akwatuna? Birnin da ya shekara ɗaruruwa yana riƙe amanar fatake daga Agadas har Gwanja bai kamata ya kasa riƙe amanar wasiƙunsa ba. Allah ya sa mu gane, ya kuma ba mu ikon tsare abin da aka ba mu ajiya, amin.